Akuyar Maman Ladi: a mayar mata da kuɗinta, ko an riga an ba Allah?

Maman Rahila (Zuru):
Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, iyaye da 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya na kasa haɗiyewa, shi ya sa na kawo shi nan. Ba zan ambaci majami'ar ba, ba kuma zan faɗi sunan mai wa'azin ba.

Akwai wata baiwar Allah da muke sujada tare, bari in kira ta Maman Ladi. Daga wani ƙauye ta wajen Wasagu ta gudo da 'ya'ya huɗu, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a gona. Ɗaki ɗaya wani ya ba ta aro. Bara mu matan zumunta muka yi karo-karo, wannan ɗari 5, waccan dubu ɗaya, muka saya mata akuya don ta samu abin juyawa. Na ga yadda ta riƙe akuyar nan. Da sassafe tana bakin injin niƙa tana share dusar da ta zube, da yamma yaran na bin gonakin mutane suna tsinto mata harawa. Har akuya ta ɗauki ciki.

Sai lokacin godiyar kaka ya zo, aka gayyato baƙon mai wa'azi daga wata jiha, kwana uku. Daren ƙarshe ya ce duk mai son Allah ya juya masa rayuwa kafin shekara ta ƙare, to ya shuka iri, kuma irin da zai ji zafinsa. Ya fara kira daga dubu 100, masu shi suka fito ya ɗora musu hannu. Ya sauko dubu 50, dubu 20, har dubu 5. Mu da muka rage ya ce mu ɗaga hannu daga inda muke zaune. A kiran dubu 50 Maman Ladi ta miƙe, aka rubuta sunanta cikin masu alkawari. Ranar kasuwa ta ja akuyar da cikinta ta sayar, ta cika alkawari.

Yau wata biyu ke nan. Autarta na kwance da zazzaɓi, ko kuɗin gwajin jini babu. Ta daina zuwa sujada. Da na je duba ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ko akwai zunubin da ban tuba ba ne, shi ya sa irin bai tsiro ba?" Na rasa ta cewa. To ina tambayarku: ikilisiya ta mayar mata da kuɗinta, ko abin da aka ba Allah ya tafi ke nan?

Bitrus:
Mama, wannan ba shuka ba ce, fashi ne da lasifika. Mene ne bambancinsa da MMM da ta kulle da kuɗin jama'a a Disambar 2016? Su ma abin da suka ce ke nan, zuba dubu 10 ka ɗauki dubu 13 bayan wata ɗaya. Wancan ya yi da intanet, wannan ya yi da sunan Yesu. A mayar mata da kuɗinta yau, ba gobe ba.

Saratu (Yauri):
Kafin a shiga muhawara, don Allah Maman Rahila, kwana nawa yarinyar take kwance? Aikin jinya nake yi, na san yadda ake kawo mana yara sai jini ya riga ya ƙare. Ki duba tafin hannunta da cikin idonta, in sun yi fari, ko tana amai ba ta riƙe ko ruwa, ko ta fara fizge-fizge, kar a kai gobe. Turo mini lambar asusunki ta gefe, ni zan biya gwaji da magani.

Maman Rahila (Zuru):
Kwana huɗu. Allah ya saka, 'yar'uwa. Yanzu zan tura ɗana da mashin ya ɗauko su.

Yohanna Mai Shago (Birnin Kebbi):
Allah ya ba yarinya lafiya. Amma Bitrus, ka bi a hankali da bakinka a kan shafaffen Allah. Ni shaida ne. Da tebur ɗaya na fara a bakin titi, sabulu da ashana da magi. Tun daga ranar ban taɓa taɓa zakkata ba, ko a farkon 2023 da takardar kuɗi ta ɓace mutane na kwana a layin banki, sai da na fitar. Yau shago biyu gare ni da yara biyar da ke ci a ƙarƙashina. Malakai 3:10 ba ni na rubuta ba, Allah da kansa ya ce a gwada shi a gani ko ba zai buɗe tagogin sama ba. Luka 6:38 ta ce ku bayar za a ba ku, mudu a cike, a danne, har yana zuba.

Talauci ba tsarki ba ne. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka. Kuma gwauruwar da ta jefa anini biyu, duk abin da take da shi, Yesu yabonta ya yi, bai ce a bi ta a mayar mata ba. Ta Zarefat fa? Ɗan garin da ya rage mata ta toya wa Iliya. Wata biyu kawai an ce iri bai tsiro ba? Ko rogo ba ya nuna a wata biyu.

Bitrus:
Yaya Yohanna, ita ma mijin nata ai mai ba da zakka ne, aka harbe shi a gona. Sai mu ce me?

Baba Dattijo (Dabai):
'Ya'yana, ku saurara mini kaɗan, hannuna ba ya sauri a waya.

Yohanna, na ji daɗi da ka kawo gwauruwa mai anini biyu. Labarin yana Markus 12, daga aya 41. Ina roƙonka ka ja ido sama kaɗan ka karanta aya 38 zuwa 40. A nan Yesu yake gargaɗi a kan malaman Attaura masu son manyan riguna da gaisuwa a kasuwa da kujerar gaba a majami'a, waɗanda suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Ya ce hukuncinsu zai fi tsanani. Yana gama wannan magana ya zauna gaban baitulmali, sai ga gwauruwa ta zo ta jefa abin cinta duka. Shekaru da yawa ina koyar da wannan wuri a makarantar Lahadi ina tsallake aya 40, sai da na tsufa na ga su biyun a jere suke. Zuciyar matar ya yaba. Waɗanda suka tsaya suna kallo tana zuba abin tuwonta kuwa, ya riga ya yi magana a kansu.

Ta Zarefat kuma, 1 Sarakuna 17. Iliya ya ci wainar, gaskiya ne. Amma ina ya tafi bayan ya ci? Bai tafi ba. A gidan ya zauna, tukunya ɗaya suke ci, in gari ya ƙare shi ma zai kwana da yunwa. Da ɗanta ya mutu, shi ya ɗauki yaron ya hau da shi ɗakinsa ya yi kuka ga Allah. To shi wannan baƙon yana ina yau da autar Maman Ladi ke kwance? Ya san sunan yarinyar?

Sannan zakkar da muke ta ambato. Ku buɗe Maimaitawar Shari'a 14:28-29. Duk shekara ta uku, zakkar amfanin gona a cikin gari ake tara ta, don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Ku dubi Maman Ladi. Baƙuwa ce a Zuru, gwauruwa ce, 'ya'yanta marayu. Rabo uku take da shi a rumbun ikilisiya. Mu kuwa sai muka karɓe nata muka ƙara a kan namu.

Yohanna Mai Shago (Birnin Kebbi):
Baba, ban taɓa lura da aya 40 ba, na karanta yanzu. Amma ba wanda ya tilasta mata. Da ƙafarta ta fito.

Baba Dattijo (Dabai):
Ɗana, macen da ta binne miji, ta bar gona da rumbu, tana kwana a ɗakin aro, aka ce mata ga ƙofa amma kuɗin shiga dubu 50, kai kana ganin da ƙafarta ta fito? Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 9:7 kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. A sura 8 kuma ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum ke da shi, kuma ba nufinsa ba ne a sauƙaƙa wa waɗansu a matsa wa waɗansu. Kuɗin da yake tarawa ɗin ma ba nasa ba ne, na matalautan Urushalima ne.

Fasto Ayuba:
Salama gare ku. Na daɗe ina karantawa, na ga in na yi shiru ban yi gaskiya ba, don mu masu riƙe da ikilisiyoyi maganar nan ta fi shafa.

Ina aiki a ƙauye ta wajen Ribah. Rabin membobina sun watse, wasu Zuru, wasu Kontagora, wasu ban san inda suke ba. Waɗanda suka rage ba sa iya zuwa gonakin nesa. Baikon Lahadi wani lokaci ba ya sayen litar mai biyu, balle tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Albashina rabinsa dawa ce, in an samu. Rufin majami'a na yoyo daidai kan bagade, da damina kwano muke tarawa. A irin wannan hali ne wani zai kira ka a waya ya ce, ba ni dare uku, zan tara maka abin da ba ka tara a shekara ba, sai mu raba. An taɓa yi mini wannan tayi. Kwana biyu ban yi barci ba, don kuɗin makarantar 'yata na kaina. Na ce a'a, amma na san nauyin a'ar nan, shi ya sa ba zan jefi faston da ya ce to ba.

Duk da haka laifin namu ne. Baƙo bai san wace ce gwauruwa a cikin taro ba, mu muka sani. Da ta miƙe, ai akwai dattawa a zaune a gaba. Mutum ɗaya ya isa ya je ya raɗa mata, Mama zauna, Allah ya ga zuciyarki. Ko da aka rubuta sunan, washegari a je gida a ce an yafe alkawarin. Ba wanda ya yi.

Kiran mutane da yawan kuɗinsu kuwa, Yakubu 2 ta gama magana: mai zoben zinariya a ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci a ce masa tsaya can. Ɗora hannu don kuɗi, ku tuna abin da Manzo Bitrus ya gaya wa Siman a Samariya, Ayyukan Manzanni 8, da ya ciro kuɗi zai sayi baiwar Allah. Bai yi masa magana mai laushi ba.

Bitrus:
Ranka ya daɗe Fasto, na gode. Wannan ne karo na farko da na ji wani fasto ya faɗi maganar rabon nan a fili.

Yohanna Mai Shago (Birnin Kebbi):
To ni yanzu na zama abin nuni ke nan. Ku yi mini adalci. In rufi ya yaye, wa ake kira? In an ɗauke ɗan wani ana neman kuɗin fansa, wayar wa ke ƙara da tsakar dare? Yara uku nake biya wa makaranta da ba nawa ba, ban taɓa faɗa ba sai yau da raina ya ɓaci. Kullum a yi ta karanta mana raƙumi da kafar allura, amma ranar gini a sa mu a kujerar gaba. In kowa ya talauce, wa zai taimaki wa?

Saratu (Yauri):
Yaya Yohanna, ba wanda ya ce dukiyarka haram ce. Ni tambayata ɗaya. Shagonka ya girma, mun gode Allah. Amma akwai mata a zumuntarmu masu sayar da ƙosai da suka fi shekara 20 suna fitar da zakka ba fashi, har yau kaskon nan ne dai. In bayarwa ce ke kawo shago biyu, su me suka yi wa Allah? Kai ka iya ciniki, kana tashi da asuba, ka samu bakin titi mai jama'a, kuma ba a kore ka daga garinku ba. Duk wannan ma Allah ne ya ba ka, ba saya ka yi ba.

Baba Dattijo (Dabai):
Yohanna, kar ranka ya ɓaci, ikilisiya na bukatar irinka. Bulus bai ce wa masu dukiya su zubar ba. A 1 Timoti 6:17-18 cewa ya yi kar su yi girmankai, kar su dogara ga dukiya marar tabbas, su zama masu hannu sake. Yaran nan uku da kake biya wa makaranta, wannan shi ne. Inda muka rabu da kai ɗaya ne: kai kana ganin bayarwarka ce ta haifi dukiyar, ni ina ganin an ba ka dukiyar ne don yaran nan uku.

Bari in ba ku abin da na tashi na gani. A ƙasarmu ta Zuru, da can ba a auna mutum da abin da ke aljihunsa, don babu aljihun ma. Ana duba yawan hannun da ke fitowa in ya kira gayya. Saurayi ya yi shekaru yana golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai kafin a ba shi mata, shi da abokansa, kamar yadda Yakubu ya yi wa Laban aiki saboda Rahila. Wanda ba shi da mutane ko aure sai ya gagare shi. Mahaifina yana da rumbu uku. Ɗaya na ci, ɗaya na iri da baƙo, na ukun ba a buɗe shi sai watan da abinci ya yanke, lokacin da dawa ta yi kai amma ba ta nuna ba. A watan nan da magariba za ka ga mata na shigowa ta ƙofar baya da ƙwarya a lulluɓe cikin zane. Mahaifiyata ce ke aunawa, kuma an hana mu yara tsayawa a wurin don kar mu ga fuskar kowa. In an yi girbi kuwa ba a komawa gona a tsince zangarniyar da ta faɗi, ta masu kala ce. Da na girma na karanta Littafin Firistoci 19:9-10 da labarin Rut a gonar Bo'aza, sai na ga abin gidanmu ne a rubuce.

Mutumin Luka 12 shi ma manomi ne, gonarsa ta yi albarka, ba sata ya yi ba. Ku karanta maganarsa ku ƙirga: amfanina, rumbunana, kayana, raina. Ko mutum ɗaya babu a cikin lissafin. Ya ce zai rushe ya gina manya, a daren aka karɓi ransa. Mu da muka ga rumbunan da aka cika da gumin shekara an cinna musu wuta cikin dare ɗaya, ba sai an fassara mana wannan misali ba. Ni addu'ar Agur nake yi yanzu, Karin Magana 30:8-9, kar a ba ni talauci kar a ba ni dukiya, a ba ni abin da zai ishe ni.

Maman Godiya:
Ni ma'aji ce a tamu ikilisiyar, bari in faɗi ɓangaren da ba a so a ji. Mayar da kuɗin ba zai yi sauƙi ba. Wata biyu sun wuce, in an ba baƙo nasa ya tafi da shi, saura kuwa ya riga ya zama siminti. Kuma in aka mayar wa mutum ɗaya, gobe goma za su zo. Abin da muka yi mu, duk baikon Lahadin farko na wata ana ware kashi ɗaya cikin goma a asusun gwauraye da marayu, mata uku ke riƙe da shi, ba a karanta sunan wanda aka ba a gaban jama'a. Daga irin wannan za a iya saya mata wata akuya ba tare da an kira shi mayarwa ba.

Bitrus:
Mama, in goma suka zo a mayar wa goman. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, ninki huɗu ya ce zai mayar wa wanda ya cuta, bai ce ya zama siminti ba. Kuma in an lallaɓa an saya mata akuya a ɓoye, baɗi a sake gayyato wani ya sake kiran dubu 50.

Maman Rahila (Zuru):
Na dawo. An yi gwaji, zazzaɓin cizon sauro ne, jininta ya yi ƙasa amma sun ce bai kai a ƙara mata ba. An yi mata allura, har ta sha kunu kaɗan. Saratu, Allah ya tuna da ke.

A bakin gadon na gaya wa Maman Ladi cewa wasu na ganin a mayar mata da kuɗinta. Ta girgiza kai ta ce ita ba za ta karɓa ba, abin da ta ba Allah ta ba shi, ba ta son ta zama kamar Hananiya da Safiratu. Na ce mata su ƙarya suka yi, ke ba ki yi ƙarya ba. Ta ce duk da haka. Abin da take so ta sani ɗaya ne, ko Allah na fushi da ita. Na ce mata a'a, na maimaita har sau uku, amma na ga daga bakina bai ishe ta ba. A kan bagade aka gaya mata wancan, a gaban kowa.

Wani abu kuma da ban sani ba sai yau. Maƙwabciyarta Musulma ce, mai sayar da koko. Tun da aka sayar da akuyar, kullum da safe sai ta aiko yarinya da kofi huɗu na koko, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Mu da muke kiran Maman Ladi 'yar'uwa sai da ta yi Lahadi biyar ba ta zo ba kafin na taka gidanta.

Fasto Ayuba:
Kar a matsa mata ta karɓa, baikonta ne, Allah ya karɓa daga hannunta ko da wanda ya roƙa ya yi kuskure. Amma Bitrus na da gaskiya a abu ɗaya. Maman Rahila, ki samu dattawa biyu da shugabar zumunta ku je wurin fastonku, ba da faɗa ba. Ku roƙe shi ya tsaya ran Lahadi ya faɗa da bakinsa cewa ba a sayen addu'a, kuma wanda ya yi alkawari a daren nan bai iya cikawa ba, ba bashi a kansa. Na tabbata ba ita kaɗai ba ce ke ɓuya a gida. Kafin Lahadin kuma shi da kansa ya je asibitin.

Yohanna Mai Shago (Birnin Kebbi):
Ni har yanzu ina nan a kan cewa mai bayarwa ba ya taɓewa, kuma zakkata ba zan fasa ba. Kiran kuɗi daki-daki dai na yarda bai dace ba. Maman Rahila, ki tambayo mini kuɗin akuya mai ciki a kasuwarku.

Baba Dattijo (Dabai):
Kar ka fasa, ɗana. Sai dai kar ka saya kai kaɗai. Matan zumunta suka sayi ta farko, a bar su su sa hannu a wannan ma, ko da ɗari bibbiyu ne, kai ka cika sauran. Kuma kar a kai mata a majami'a.

Maman Rahila (Zuru):
To Baba. Zan gaya wa shugabarmu yau da daddare. Maigidana ya san akuya, shi zai je ranar kasuwa ya duba haƙora da nono kar a haɗa mu da tsohuwa. Baba, zuwa wurin fasto fa, ni kaɗai ba zan iya buɗe baki a gabansa ba. In an ɗauko ku a mashin ranar Alhamis da yamma, za ku iya zuwa?

Baba Dattijo (Dabai):
A zo da wuri, kafin rana ta faɗi. Idona ba ya gani da dare.